Kafin Ka Karɓi Kuɗin Lesin, Auna Turancin Ɗalibinka

Wata Asabar da hantsi wata yarinya ta zo ɗakin da nake lesin a Tudun Wada, yayanta ne ya rako ta. Ta gama makarantar koyon aikin jinya, tana da C4 a Turancin WAEC, kuma so take ta zauna IELTS, jarrabawar Turancin da ake nema ga mai son karatu ko aiki a ƙasashen waje. Yayan ya ajiye takardar sakamakon a kan tebur ya ce, "Malam, Turanci dai ta iya, ga shaida nan. Dabarun jarrabawar kawai za ka nuna mata, ko wata guda ya isa." Ban yi masa musu ba. Na jawo 'yar lasifikata na kunna mata hirar wasu Turawa biyu a kan kama ɗakin haya, hirar minti ɗaya da rabi, na ce ta rubuta mini kuɗin hayar da ranar da za a tare. Har hirar ta ƙare bironta bai taɓa takarda ba. Ta ɗago ta ce, "Malam, don Allah a sake. Wallahi kamar ana zuba tsakuwa a kwano."

Ba daƙiƙiya ba ce. Da na miƙa mata hirar a rubuce, nan take ta fitar da amsoshin. Abin da ya faru shi ne, tun daga firamare ta ido ake auna Turancinta, ba a taɓa auna kunnenta ba. Ko takarda ta uku ta WAEC da ake cewa ta furuci ce, a Najeriya da ido ake yin ta: a ba ka kalmomi a rubuce ka zaɓi wadda sautinta ya yi daidai da wata, ba ka ji ko tari daga bakin kowa ba. Tambayoyi 60 na Turancin JAMB ma a fuskar kwamfuta suke, shiru ake amsa su. Kiredit ɗin nan da muke taƙama da shi buhu ne da aka ɗinke wa baki, ka san nauyinsa amma ba ka san hatsi nawa ne ƙaiƙayi nawa ne ba.

Abin da zan nuna a nan shi ne yadda ake kwance bakin buhun. A auna sauraro daban, nahawu daban, kalmomi daban, karatu daban, a fita da maki huɗu, ba guda ba. Gwajin na mai matsakaicin Turanci ne. Da 'yan'uwana malaman lesin nake, amma wanda ke son auna kansa ma zai iya bi.

## Wane ne matsakaici?

Ma'aunin da aka fi amfani da shi a duniya shi ne CEFR, wanda Majalisar Ƙasashen Turai ta fitar a 2001. Matakai shida ne: A1, A2, B1, B2, C1 da C2. Matsakaici shi ne mai B1 ko B2. Ka yi wa iyaye wannan bayani tun farko, don a WAEC A1 ne ƙololuwa, a nan kuwa shi ne ajin share fage. Na ga uban da ya yi fara'a har kunne da aka ce ɗansa A2 ne.

Mai B1 zai shiga banki a titin Yakubu Gowon ya yi bayanin yadda na'ura ta haɗiye masa kati, a gane shi, shi ma ya gane amsar in an yi ta dalla-dalla. Zai ba da labarin tafiyar da ya yi, ya faɗi dalilinsa a taƙaice. Mai B2 shi ne wanda zai karanta sharhin jarida a kan cire tallafin mai ya kamo inda marubucin ya dosa, ya kuma yi gardama a kai ba tare da ana jiransa ya lalubo kalma ba. A ma'aunin IELTS, B1 yana wajen 4.0 zuwa 5.0, B2 kuma 5.5 zuwa 6.5. Hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista a Birtaniya 7.0 take nema a sauraro da karatu da magana, 6.5 a rubutu. Ka ga ko B2 ɗin ma da sauran tafiya.

## Mataki na farko: shiri

Fara tambayar mutum abin da yake nema da Turancin. Mai shirin JAMB nahawu da kalmomi ne suka fi damunsa. Mai IELTS kunne da saurin karatu. Ɗan kasuwar da ke saro kaya daga waje, hira a waya da karanta takardun kaya. Gwajin ɗaya ne, amma amsar wannan tambaya ce za ta nuna maka makin da za ka fi zuba wa ido.

Sannan ka kwantar masa da hankali, musamman in babba ne. Kalmar gwaji tana da tabo a garin nan. Tun 2017, lokacin da gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta gwada malaman firamare kimanin 33,000 aka ce 21,780 ba su kai kashi 75 ba, aka sallame su, ma'aikaci in ya ji an ce za a gwada shi sai gabansa ya faɗi. Ni ce musu nake, "Wannan awon asibiti ne, ba a faɗuwa." Mai jin tsoro zai yi ta leƙen takardar maƙwabci, kai kuma ka tashi da makin da ba na kowa ba.

Minti 90 sun isa. Sauraro minti 20, nahawu 20, kalmomi 15, karatu 35. Da sauraro ake farawa, tun kunne bai gaji ba.

Wuri da lokaci kuwa, na sha ɗanɗanar kuɗarsu. Na taɓa sa gwaji tsakanin La'asar da Magariba a ɗakin da bangonsa ke jingine da injin markaɗe. Ana tsakiyar hira aka tayar da injin, sauran tambayoyi takwas suka bi ruwa. Zaɓi safiyar Asabar ko Lahadi, nesa da janareta da hon ɗin 'yan Keke. Ka sauke sautin a waya tun dare, kada ka dogara da intanet a ranar. Ka cika lasifika da caji, ka je benci na ƙarshe ka zauna ka ji ko tana kaiwa. A kashe fanka na minti ashirin ɗin, zufa ba ta kisa. Wayoyi kuma a zuba su a kwali a bakin ƙofa.

## Mataki na biyu: kunne

A nan zan daɗe, don nan ramin yake.

Kada ka karanta musu da bakinka. Sun saba da muryarka, kuma da ka ga sun yi tsuru-tsuru za ka rage gudu ba tare da ka sani ba. Nemo muryoyi uku: ɗan Najeriya, ɗan Ingila, ɗan Amurka. Ta farko ka naɗo daga labaran Turanci na Rediyon Tarayya na Kaduna ko KSMC, gidan rediyon jihar. Ta biyu, shirin 6 Minute English na BBC Learning English don matsakaita aka yi shi, kuma yana zuwa da hirar a rubuce, abin da zai rage maka wahala wajen fitar da tambayoyi. Ta uku akwai VOA Learning English, sai dai su jan magana suke a hankali fiye da yadda mutane ke yi a zahiri. Wanda ya ci nasu kada ka yi saurin yi masa barka.

Raba minti ashirin ɗin gida uku.

Kashin farko, tambayoyi shida, na sautukan da kunnen Bahaushe bai saba rabawa ba ne. Hausa ba ta bambanta *p* da *f* ba, karin harshe ne kawai ke sa wani ya ce fata wani ya ce pata. Ba mu da *v*, sai mu mai da ita *b*. Ba mu da *th*, sai ta koma *s* ko *z*. Kada ka jefa musu kalma tsura. Sa ta cikin jimlar da kowace daga cikin biyun za ta zauna daram, yadda ma'ana ba za ta taimaka ba: *Bring me the pan* da *Bring me the fan*, *I need a copy* da *I need a coffee*, *They are thinking* da *They are sinking*. A takarda ka rubuta kalmomin biyu, su ja layi ƙarƙashin wadda suka ji. Muryar da ke karanta rubutu a wayarka za ta iya naɗa maka waɗannan. Wani abu da na lura da shi: *ship* da *sheep* ba sa ba mu wahala sosai, don wanda ke raba garin Kaduna da garin tuwo ya san dogon wasali da gajere. Inda muke zamewa shi ne *work* da *walk*, da *cat*, *cut* da *cart*, wasulan da Hausa ba ta da su. Ba su fili.

Kashi na biyu, shi ma tambayoyi shida, lambobi ne da lokaci da haruffa. Shirya sanarwa irin wadda ake ji a tashar jirgin ƙasa ta Rigasa: *The afternoon train to Abuja will leave at quarter past two, not quarter to two. Passengers in coach fifteen should use the second gate.* Tambaya: ƙarfe nawa jirgi zai tashi? Wane tarago? Da yawa za su rubuta biyu saura kwata, don ita ce ta zo ƙarshe, kuma su rubuta 50 a maimakon 15. Bambancin yana ga inda aka danna murya: *fifteen* a gaɓar ƙarshe, *fifty* a ta farko. Ƙara lambar waya yadda mutanen Ingila ke faɗi, da *oh* a madadin sifili da *double* in lamba ta maimaita. Sai a bi sunan wani titi harafi-harafi su rubuta. Nan za ka sha mamaki, domin harafin *e* na Turanci yana shiga kunnenmu kamar i na Hausa, *a* kuma kamar e, ga *g* da *j* da suke musanya wuri.

Kashi na uku doguwar hira ce ta minti biyu zuwa uku, tambayoyi takwas. Yadda nake fitar da su shi ne in saurari hirar sau ɗaya ba tare da duba rubutun ba, in rubuta abin da ya maƙale mini. Waɗannan su ne tambayoyin gaskiya; abin da ni kaina ban riƙe ba, zalunci ne in tambayi ɗalibi. Tambayoyin su bi jerin hirar. Kada kalmomin tambaya su zama ainihin kalmomin da aka faɗa, in ba haka ba farautar kalma za su yi, ba fahimta ba: idan mai magana ya ce *It's too far from my office*, kai tambayi dalilin da ya sa ya ƙi gidan. Nemo wurin da wani ya canja shawara, ya ce Talata sannan ya ce a'a, a bar shi Alhamis. Ka kuma sa tambaya ɗaya a kan yanayin mai magana, ya yarda ne da zuciya ɗaya ko kara yake yi.

Sau nawa za a kunna? Jarrabawar B1 Preliminary ta Cambridge sau biyu take kunnawa, IELTS sau ɗaya tak. Ni sau biyu nake yi, amma da sharaɗi: jin farko da shuɗin biro, na biyu da ja. Wannan 'yar dabara ta fi mini duk wani abu amfani. Wanda jan biro ya cike masa gurabe da yawa, gudu ne matsalarsa. Ya san kalmomin, bai dai saba jin *want to* ta narke ta koma *wanna* ba, ko *I would have* ta dunƙule wuri guda. Wanda ko a ji na biyu bai ƙara komai ba, bayan gwaji miƙa masa rubutun hirar. In ya amsa daga rubutun, kunne ne. In nan ma ya kasa, kalmomin ne babu, kuma sa shi sauraro dare da rana ba zai yi magani ba.

Idan lokaci ya rage, rufe da shifta ta jimla uku. Ba don maki ba. Don ka ga ko yana jin *-s* da *-ed* na ƙarshen kalma, da ƙananan nan *a* da *the*, waɗanda kunnenmu ke tsallakewa.

## Mataki na uku: nahawu

Kuskuren da muke yi shi ne kwafo tsofaffin tambayoyin WAEC. Yaro ya gan su sau goma, haddar amsa ya yi. Zauna ka rubuta naka guda 25, kuma ka ɗana su a wuraren da Hausa ke jan Turanci ta baya.

Mukan ce "Ina zaune a Kaduna tun 2015", sai ɗalibi ya ɗauko ta yadda take: *I am living in Kaduna since 2015*. Daidai ita ce *I have lived* ko *I have been living*. "Na gan shi" da "na gan shi jiya" siga ɗaya ce a wurinmu, shi ya sa ake jin *I have seen him yesterday*, alhali *I saw him* ake nema. Wannan rabuwa ita ce babbar iyaka tsakanin A2 da B1, ba ta tambaya huɗu ba ka yi asara ba. "Ya ce zai zo" ba ta canja lokaci a Hausa, a Turanci kuwa *will* takan koma *would*. "Da na sani da ban zo ba" kowa ya iya ta a gida, amma mai iya cewa *If I had known, I would not have come* ba tare da tuntuɓe ba ya fara leƙa B2. "Ko?" ɗinmu guda ɗaya ta sa ake liƙa *isn't it?* a wutsiyar kowace jimla, har *You are coming, isn't it?* Harafin "a" shi kaɗai yake mana aikin *in*, *on* da *at*. Ga kuma jam'in da babu shi, *advices*, *informations*, *furnitures*, wanda har a takardun ofis ake gani.

Akwai ɗaya da nake so ƙwarai. A tambayi Bahaushe "Ba ka ci abinci ba?" zai ce "E, ban ci ba." Bature *No, I haven't* zai ce. Ka kwatanta ma'aikaciyar jinya da likita ya tambaya ko ba ta ba mara lafiya magani ba, ta ce *yes* tana nufin ba ta ba shi ba.

Kada duka su zama na zaɓi. Amsa huɗu a gaban mutum, ko idonsa a rufe yake zai iya cin kashi ɗaya cikin huɗu da canki-canka. Yi goma na zaɓi, goma na cike gurbi inda ka ba da aikatau ya gyara sigarsa da kansa, biyar kuma na sake gina jimla: ka ba shi *They built the bridge in 1990*, ka fara masa da *The bridge*, ya ƙarasa. Kowace tambaya abu ɗaya za ta auna, kuma kalmominta su zama masu sauƙi. In ka cusa kalma mai wuya cikin tambayar nahawu ya faɗi, ba za ka san wanne ne ya kayar da shi ba.

## Mataki na huɗu: kalmomi

Abu biyu ake aunawa: yawansu, da iya sarrafa su.

Na yawa lissafi ne kawai. Akwai jerin Oxford 3000, kyauta yake a shafin ƙamusun Oxford na masu koyo, kalmomi ne daga A1 zuwa B2, kowace da matakinta a gefe. Bi jerin ka riƙa ɗaukar kalma ta 75, ta 150, ta 225, haka har ƙarshe, za ka tashi da kimanin 40. Kada ka tsallake wadda ba ta yi maka ba, tsallakewar ce ke ɓata awon. Ɗalibi ya rubuta ma'anar kowace da Hausa, a taƙaice. Ninka abin da ya ci sau 75. Wanda ya san 28 yana da wajen 2,100 daga cikin dubu ukun. Kintace ne, amma ya fi shaci-faɗi. In ba ka da lokacin duba fassara, ce su yi alama kawai a wadda suka sani, amma ka cusa kalmomin bogi guda goma masu kama da Turanci, irin su *plindle* da *morvish*. Duk wanda ya ce ya san uku daga ciki, ka san yadda za ka ɗauki sauran alamominsa.

Sarrafawa kuwa, koma wa Hausa ka ga inda kalma ɗaya tamu ta rabu gida-gida. "Ara" ta haifi *borrow me your pen*, alhali *lend* ce. "Ji" namu yana ɗauke da *hear*, *feel*, *smell* da *understand*, shi ya sa ake jin wari da *hear*. "Yi" ta haɗe *make* da *do*. "Sha" kuwa, ruwa *drink*, ƙwayar magani *take*, taba *smoke*. Jimloli goma na cike gurbi a kan irin waɗannan, da 'yan aikatau masu wutsiya kamar *put off*, *give up* da *look after*, sun isa.

Za ka ci karo da Turancin gida. A Janairun 2020 babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomin Najeriya 29, ciki har da *okada*, *next tomorrow* da *Kannywood*. Saboda haka ba na ce wa ɗalibi *next tomorrow* kuskure ce. Cewa nake tana da inda take ci. A Kasuwar Barci za a gane ka, mai duba takarda a Landan kuwa *the day after tomorrow* ya sani. Yanke shawara kafin gwaji wane Turanci kake aunawa, ka faɗa musu.

## Mataki na biyar: karatu

Rubutu biyu: gajere mai kalmomi kamar 300, sanarwa ko wasiƙa, da dogo mai 600 zuwa 700, sharhi ko rahoto. Daily Trust za ta ba ka na biyun. Amma guji labarin da kowa ya riga ya ji a rediyo ko ya karanta a Aminiya, da duk abin da ɗalibi zai amsa da sanin da ya zo da shi daga gida. Gwada tambayoyinka a kan wani ba tare da ka ba shi rubutun ba. Duk wadda ya ci, cire ta.

Wajen auna nauyin rubutu, binciken masana irin su Paul Nation ya nuna mai karatu na buƙatar sanin kimanin kashi 98 na kalmomin shafi kafin ya karanta cikin sakewa, wato baƙin kalmomi biyu cikin ɗari. Da sun haura biyar cikin ɗari, karatu ya zama sassarfa a cikin ƙaya. Duba rubutunka da jerin Oxford ɗin nan, kalmomin da suka fita daga ciki in sun yi yawa ka sauƙaƙa wasu.

Mun taso da auna fahimta irin ta nemo jimlar da ta yi kama da tambaya a kwafe ta ɗungurungum. Rufe wannan ƙofa. Ka ce kada amsa ta wuce kalma uku. Tambayi babban saƙon sakin layi. Tambayi wa ko me *it* da *they* ke nufi a layi kaza. Tambayi ma'anar kalma daga muhallinta. Ka kuma sa irin tambayar IELTS mai amsa uku: gaskiya ne, ƙarya ne, ko ba a faɗa ba. Ta ukun ce ke kayar da namu. Rubutu ya ce an buɗe layin dogon Abuja zuwa Kaduna a 2016, tambaya ta ce jirgin ya fi mota araha. Ɗalibi ya san farashi, sai ya amsa daga aljihunsa, alhali rubutun bai ce uffan a kan kuɗi ba.

Riƙe agogo da gaske. Kowa ya rubuta mintin da ya gama a saman takardarsa. A IELTS rubutu uku ne, tambayoyi 40, minti 60. Wanda ya ci komai a naka amma sai da aka ƙwace takarda daga hannunsa, a can zai bar rubutu na uku ko kallo bai yi masa ba. Leƙa kuma ka ga masu motsa leɓe da masu bin layi da yatsa.

In kana son awo na gaggawa, ranar da ba ka da lokacin duk wannan, akwai tsohuwar dabarar da Wilson Taylor ya fito da ita a 1953. Ɗauki sakin layi biyu, bar jimlar farko da ta ƙarshe yadda suke, a tsakani ka goge kowace kalma ta bakwai, su cike. Karɓi duk kalmar da ta dace da ma'ana da nahawu, ba lallai sai ainihin wadda ka goge ba. Tana nuna matakin mutum a dunƙule, sai dai ba ta faɗa maka inda ciwon yake.

## Mataki na shida: maki

Rubuta amsoshinka kafin ranar, ka kuma gwada takardar a kan mutum biyu da ka san matakinsu. Za su tono maka tambayar da ke da amsa biyu. Ba wanda ya fi ƙarfin wannan kuskure.

Bayan dubawa, mai da kowane sashe kashi cikin ɗari, ka bar su a rabe. Kada ka tara ka raba huɗu. Ƙa'idata, in an gina takardar a kan B1: ƙasa da kashi 50 bai iso ba tukuna, 50 zuwa 75 yana ciki, sama da haka ba shi ta B2 mako mai zuwa. Wannan tsarina ne na aji, ba hukuncin wata hukuma ba, kuma kada ka rubuta wa kowa takardar shaida da shi. Mai shirin IELTS ka ƙara masa da cikakken gwajin sauraro irin nasu: cikin 40, kimanin 16 ne ke ba da 5.0, 23 ya ba da 6.0, 30 ya ba da 7.0.

Sannan ka ja tebur, sunaye a tsaye, lambobin tambaya a kwance, ka yi alama a duk inda aka faɗi. Tambayar da kowa ya ci ba ta gaya maka komai ba. Wadda gwanayen aji suka faɗi raunana suka ci, tambayar ce ke da lahani. Wadda rabin aji suka faɗi da amsa iri ɗaya, ita ce darasinka na Litinin.

Sakamako a keɓe ake bayarwa, ba a manna a allo ba. Magidanci mai 'ya'ya ba zai dawo ajin da aka karanta makinsa a gaban sa'o'in ƙannensa ba.

Ita yarinyar nan, da muka yi cikakken gwajin, nahawu ta ci 21 cikin 25, karatu ta yi kyau sai dai jinkiri, sauraro kuwa bakwai cikin ashirin da shuɗin biro, ya kai goma sha uku da aka haɗa da na jan biro. Na kira yayan na ce, "Ɗan'uwa, riƙe kuɗin rajistar nan tukuna. Ba nahawu take buƙata ba, kuma wata guda ba zai isa ba." Na rubuta mata aiki: kullum bayan Asuba, hira ɗaya ta minti shida sau uku, na farko babu rubutu, na biyu tana bin rubutun da ido, na uku ta kife takardar tana maimaita abin da ta ji da bakinta. Na ce bayan mako takwas ta dawo a sake gwada ta da sabuwar takarda mai nauyi ɗaya, ba wadda ta riga ta gani ba.

Yayan ya ɗan yi shiru, ya mayar da takardar WAEC ɗin cikin ambulan. Sai ya nuna lasifikar da ke kan tebur ya ce, "Malam, irin wannan nawa ake sayar da ita a Kasuwar Gumi?"